Tef ɗin tela ya yi abin da likita ya kasa

Shekara 6 likita yana min magana ɗaya, Alhaji ka rage nauyi, Alhaji wannan tumbin shi ne matsalarka, ni kuma ina cewa to likita in sha Allahu, in karɓi takardar magani in fito, kafin in kai gida na tsaya wajen mai balangu. Ba wai ban yarda da shi bane fa. Na yarda mana, ai ga awon jinin nan ina gani da idona, 150 bisa 95, wani zuwan ma ya haura haka. Amma hawan jini ba ya fitowa a goshi, ba wanda zai kalle ka a sahu yace wane yau jininka ya hau. Abin da likitan nan ya kasa a shekara 6 wani yaro tela a bayan kasuwar Terminus a Jos ya yi shi a minti 2, kuma har yau bai san ya yi ba.

Bikin 'yata ta uku ne ya taso, yara suka ce a'a Baba wannan karon ba babbar riga kaɗai ba, akwai kaftani iri ɗaya da za a yi wa iyaye maza na ranar walima saboda hoto. Suka ɗauke ni sai wajen telansu, ba nawa na tun da ba, wanda ya san awona da ka ba ya ma ɗauko tef. Shago cike da samari ana ta hira, yaron ya auna kafaɗa ya auna hannu, da ya zo ciki sai da ya kusan rungume ni kafin bakin tef ɗin ya haɗu, ya ɗaga murya yana faɗa wa mai rubutawa, tumbi 46. Sai ya ɗago yace, Baba yadi 4 ba zai yi ba fa sai an ƙaro, kuma irin ɗinkin nan da suka zaɓa mai bin jiki ne ba zai zauna maka ba sai dai in sake shi. Ba da rashin kunya ya faɗa ba wallahi, yaro ne mai ladabi har da rusunawa, amma shagon ya ɗan yi shiru, na ji wani ya danne dariya. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Wannan ma da sauƙi. Bayan biki hotuna suka fara yawo, na mai hoto ba laifi, shi ya san aikinsa, ya jera mu ta gaba yace a ɗan ja numfashi. Wanda ya kashe ni shi ne wanda wani jikan yayata ya ɗauka da waya ta gefe, ina miƙa hannu ina gaisawa da waliyyin ango, aka jefa a guruf ɗin dangi na WhatsApp. Na daɗe ina kallon mutumin nan. Hula tawa ce, agogo nawa ne, amma wannan mai ciki kamar ya haɗiyi tulu, wuya ya haɗe da haɓa, ban san shi ba. A raina har ranar ni ne saurayin nan da ke hawa Dutsen Shere da abokai ba tare da ya tsaya hutu ba. Madubin ɗaki ta gaba yake nuna ka, kuma kai ka san yadda kake tsayawa a gabansa kana kama ciki, waya kuwa ba ta neman izini. Ina da shekara 57 a lokacin, nauyi kilo 98, tsawo santimita 172. Da asubar washegari na fara tattaki.

Iyayenmu sun more wallahi. Babbar riga ta rufa wa tumbin Bahaushe asiri shekaru aru-aru, ga wando mai zariya duk yadda ka buɗe sai dai ka ƙara sassauta ta, ba maɓallin da zai ƙi shiga ya tona ka, ba bel mai huji da za ka ƙirga. Mata ma zani ne, a ɗaura inda ya kai, ga mayafi ga hijabi. Mutum zai iya ƙara kilo 20 kayansa ba su ce masa uffan ba. Hoto kuwa a da sai Sallah ko fasfo na aikin hajji. Yanzu ɗinki ya tsuke, kowane jika da kyamara a aljihu, kowane suna da ɗaurin aure sai an ɗauke ka ta gaba ta baya ta gefe an ɗora a sitatus. Dattijon yau ya fi kowane dattijo da aka taɓa yi a ƙasar nan ganin kansa, shi ya sa nake ganin maganar nan ta wuce tawa ni kaɗai.

To da aka ga ina fita da takalmin roba bayan sallar asuba ina bin Bauchi Road har wajen jami'a in dawo, sai majalisa ta samu abin yi. Alhaji zai ƙara aure ne. Budurwar zuciya ta motsa. Wani abokina da muka yi firamare tare, shi ma da nasa tumbin har ya fi nawa, yace wai me kake nema a duniya yanzu, kabari ai ba ya tambayar inci nawa ne ƙugunka. Da na ce musu likita ne ya sa ni da shikenan, kowa zai ce Allah ya ƙara lafiya. Amma na faɗi gaskiya nace hotona na gani bai min kyau ba, sai ya zama abin dariya, har da mai yi min wa'azi kan riya da son duniya.

Wannan wa'azin shi ne ban yarda da shi ba, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mun ɗauka a ranmu cewa in mutum ya haura 50 son ya yi kyau ya zama zubar da girma, kamar dai kyan gani kayan samari ne da aka ba mu aro muka mayar. Alhali ƙarya muke, dattijon da ke maka wannan maganar ya ɓata minti 10 yana karya hula kafin ya fito, ya sa an buga masa shadda ta yi ƙyalli, ya fesa turare, wani ma ya rina gemu. Hajiyar da za ta ce wa 'yar uwarta tsufa ya ƙi karɓuwa ita ma ga lalle a ƙafa ga leshi na dubu ɗari da wani abu. Duk mun yarda a gyara abin da ke kan jiki, jikin ne kawai in ka ce za ka gyara sai a ce ka zaƙe. Kuma ko ta fuskar addinin da ake kawo mana, hadisin nan na Muslim sananne ne, lokacin da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi kan girman kai wani ya ce ai mutum yana son rigarsa ta yi kyau takalminsa ya yi kyau, aka ba shi amsa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ga kuma na Abu Dawud, Nana A'isha ta yi tsere da Annabi ta wuce shi, da aka jima ta yi jiki suka sake ya wuce ta, yace wannan ramuwar waccan ce. Hadisin kasa ciki uku kuwa, abinci da ruwa da numfashi, yaran Islamiyya ma sun haddace, mu ne dai manya muke karanta shi a bakin tire.

Ni ra'ayina, duk ƙofar da za ta fito da ɗan shekara 60 daga kan kujera ta sa shi tafiya, a bar masa ita a buɗe. In tsoron shanyewar ɓarin jiki ne to, in kuma kaftani ne ya ƙi zama shi ma to. Gwiwa ba ta tambayar niyyarka. Akwai binciken da aka yi a Amurka aka buga a 2005 kan dattawa masu ciwon gwiwa, aka gano duk kilo 1 da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Wanda ya rage don hoto da wanda ya rage don likita duk lissafin ɗaya ne. Kuma gaskiyar ɗan Adam ita ce gani ya kori ji. Suga da hawan jini barazana ce ta gobe, mu kuwa mun iya cewa gobe ta Allah ce, amma kunyar shagon tela ta yau ce, da zafinta.

Wani abin da ban sani ba sai daga baya, ashe tef ɗin yaron nan ya fi sikelin kusa da gaskiya. Kitsen da ya fi illa ba na cinya ko damtse bane, wanda ya taru a cikin ciki ne ya kewaye hanta da hanji, shi ke da alaƙa da suga da ciwon zuciya. Awon da ake amfani da shi, namiji in ƙugunsa ya kai santimita 94, wato inci 37, an fara shiga haɗari, in ya kai 102, inci 40 kenan, haɗarin ya yi yawa. Mace kuwa 80 da 88. Akwai ma mai sauƙin riƙewa, kada kewayen cikinka ya wuce rabin tsawonka. Nawa rabin tsawon inci 34 ne, ni kuma ina 46, kun ga ai ba ƙaramar tazara ba ce. Da ni mai faɗa a ji ne a ma'aikatar lafiya ta Filato da teloli zan fara bi, na Terminus da na Bukuru da na cikin unguwanni, a manna musu 'yar takarda a bango da waɗannan lambobin. Mutumin da bai taka asibiti ba shekara 5 yana zuwa wajen tela Sallah ƙarama da babba.

Sai dai kyan gani a wajenmu takobi ne mai kaifi biyu, don abin da muka taso muna kira kyau ai ƙibar ce. Wane ya samu kuɗi har ya ajiye tumbi. Amarya ta murje, gidan miji ya karɓe ta. Siririn Alhaji ko an ce maka mai kuɗi ne sai ka sake tambaya. Har yau 'yan mata na shan sha-ka-fashe a kemis don su ciko, ƙwayoyin da wasunsu irin su dezametazon ne da ke kumbura fuska su taɓa ƙashi su tada suga. Wato dattijon da ya tashi rage jiki yana faɗa ne da madubi biyu, na wayar jikansa yana cewa ka yi yawa, na tsararsa yana cewa ka lalace. Da na sauke kilo 7 na je gaida yayata a Gangare, tana ganina ta ajiye carbi ta kama salati, Auta lafiya kuwa, me ke cin ka, ko kasuwar ce, ko ita matar taka ta daina ba ka abinci. Kafin in yi bayani ta aika a sayo fura da nono har da man shanu a kan tuwo, tana tsaye a kaina sai na cinye. Waɗanda suka ga shekarun 1990 sun san lokacin da rama ta zama abin tsoro, mutum na faɗawa sai a fara raɗe-raɗin ƙanjamau, wannan tabon bai gama gogewa a zukatan tsararmu ba.

Kuma tsoron Yaya ba shirme bane gaba ɗaya, dole in ba ta gaskiyarta. Babba in ya fara ramewa ba tare da ya nema ba, bai canza ci ba bai ƙara motsi ba amma wando na zamewa, wannan ba abin murna bane. Likitoci na cewa in mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 zuwa shekara haka kawai, a je a bincika, don suga kan yi haka, tarin fuka kan yi, daji ma kan fara da haka. Na san wanda aka yi ta yi wa barka wai ya koma saurayi, ashe suga ce ke cinye shi, ga yawan fitsari ga ƙishirwa bai haɗa lissafin ba.

Na mata kuwa ya fi namu nauyi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne nake ja da baya da wannan kirarin da nake wa madubi. Mace ta haifi 7 ko 8, kowace haihuwa da abin da ta bari, ga kunun kanwa da naman jego, sannan tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada ta ɗauke, sinadarin jikinta ya canza kitse ya baro ƙugu da cinya ya dawo ciki. Ba lalaci bane, haka halittar take. Sai kuma mijin da cikinsa ya riga shi shiga ɗaki ya zauna yana mata gori, ke kin zama kaza, dubi wance, har da barazanar kishiya. Wannan ba ƙarfafa gwiwa bane cin mutunci ne, kuma ban taɓa ganin wadda gori ya ramar ta hanyar lafiya ba, sai dai ta shiga damuwa ta ƙara ci, ko ta faɗa hannun masu shayin rage tumbi. Akwai bambanci tsakanin mutum ya kalli hotonsa shi da kansa yace a'a ban so haka, da a ɗauko hoton a buga masa a fuska. Ni uwargida da na fara yi mata 'yan shawarwari, irin na sabon tuba, kallona ta yi tace Alhaji shekara 20 ina kallon naka ban ce komai ba, kai wata 3 kacal har ka zama malami. Na kama bakina. Ita da kanta daga baya, da bikin ɗan ƙanwarta ya matso aka fitar da anko, ta fara zagaya tsakar gida bayan isha'i ita da maƙwabciyarta, don ita ba ta da damar bin titi da asuba kamar ni, unguwa za ta ɗauka. Ka je wajen Rayfield ranar Asabar da safe ka ga dattawa maza da mata maƙwabtanmu suna sassarfa ba wanda ya kalle su, mu a cikin gari Hajiya mai shekara 55 ba ta da ko fili ɗaya mai katanga da za ta je ta miƙe ƙafa. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke ko'ina a Jos da za su ware ko rabin awa a harabarsu da an ga aiki.

Inda madubi ke kai mutum ya baro shi shi ne gaggawa. Shi kyan gani kullum da ranar biki yake zuwa, saura sati 5, saura sati 3, ana so a fafe gora ranar tafiya. Ni ma na faɗa. Wata na biyu da na ga tattaki bai taɓa tumbin ba, na ga talla a Facebook, hoton wani kafin da bayan, na tura kuɗi aka kawo min wani shayi a kwali mai kyau. Kwana 4 na yi ina zarya bayi, sikeli ya nuna kilo 2 sun tafi ina ta murna, ranar ta biyar ina ɗagowa daga ruku'u a sallar la'asar masallacin ya juya min sai da na dafa na kusa da ni. Ashe ruwan jikina ne ya tafi ba kitse ba, ga shi dama cikin magungunan hawan jinina akwai mai sa fitsari, abu ya haɗu. Likita da na faɗa masa bai ma yi faɗa ba, dariya ya yi yace Alhaji filasko ka saya da tsada. Yawancin irin waɗannan shayin maganin wanke ciki ne kawai, wasu kuma an sha kama su a ƙasashe da dama da wani sinadari sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ka duba fa, mai shekara 60 da hawan jini ya sha wannan. Hausawa na cewa garin neman ƙiba an samo rama, mu garin neman rama muke nema mu samo likkafani.

Yanzu kuma allura ake yayi a wajen masu hali, Ozempic da 'yan uwanta. Ita ba ƙarya ba ce, magani ne na gaske, kamfanin Novo Nordisk na Denmak ke yi, an amince da ita a Amurka a 2017 don masu suga, a 2021 aka fitar da Wegovy mai sinadari iri ɗaya don rage ƙiba, a gwaji mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a sati 68. Amma waɗanda aka bi bayan sun daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya tafi ya dawo. Ga tsada, ga jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗi a 2024 kan na jabu da aka kama har a Birtaniya da Amurka da Barazil, to ina ga wadda aka aiko maka daga Instagram a cikin kula. Wanda likitansa ya ɗora shi a kai yana bibiya daban, wanda ya soka wa kansa don bikin wata mai zuwa daban.

Abin da madubi ba ya gani kwata-kwata shi ne tsoka. Tun daga shekara 30 tsokar mutum ke raguwa a hankali, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri. In ka ƙuntata wa kanka da yunwa ba kitse kaɗai ke tafiya ba, ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya sauka tsoka ce da danginta. Saurayi zai mayar, kai dattijo da wuya, kuma in nauyin ya dawo kitse ne ke dawowa. Sai ka ga mutum kaftani ya zauna masa ɗas amma ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, hannu ya zama kamar sillen kara, fata ta saki a wuya. Ya yi kyau a tsaye a hoto, a zaune kuma ya tsufa da shekara 10. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba tafiya kaɗai ta ce ba, bayan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati ta ce a yi abin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Ni ba jim nake zuwa ba, jarka biyu ce ta lita 5 na cika da ruwa nake ɗagawa, sai tashi da zama a kan kujera ba dafawa sau 15, in huta in sake. Jikokina sun mayar da abin wasan kwaikwayo, suna ƙirga min.

Kuma uzurin nan da muke fakewa da shi, wai in an girma ko ruwa ka sha sai ya zama ƙiba don injin jiki ya mutu, shi ma an ɗan tona shi. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2021, mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, ya nuna yadda jiki ke ƙona abinci kusan a tsaye yake daga shekara 20 har 60, bayan nan ne yake sauka, shi ma ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara. Wato tumbin da na tara tsakanin 40 da 57 ba injin bane, ni ne na daina tafiya na sayi mota, na koma zaman shago daga safe zuwa magariba, yaro ke ɗauko min komai har butar alwala, amma malmalar tuwon tana nan yadda take lokacin ina ɗaukar buhu.

Ga inda rigimar take tsakanin madubi da jiki. Madubi kilo 20 yake so, jiki kuwa da 6 ma godiya yake. A wani binciken Amurka da aka fitar a 2002, mutum sama da 3,000 waɗanda suga ke gab da kamawa, an nemi wasu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu kawai su riƙa tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58 cikin 100, a wajen 'yan 60 zuwa sama kuwa da kashi 71, wato tsofaffin ma sun fi samarin cin riba. Kashi 7 na mai kilo 98 bai kai kilo 7 ba. A hoto wannan ba wani abu bane, tumbi na nan sai dai ya ɗan rusuna, a nan ne da yawa ke karaya su ce aikin banza, su koma. Ni abin da ya riƙe ni a wannan gaɓar ba hoto bane kuma, wata Juma'a ce na lura na yi zaman tahiya har aka sallame ban miƙe ƙafar dama ba, abin da na shekara 4 ban iya ba, har na fara leƙen kujerun nan na roba da ake jerawa a ƙarshen sahu. Uwargida kuma tace minsharin ya ragu, wanda ni dama ban taɓa yarda ina yi ba.

Abinci ban yi wani abin a zo a gani ba, kuma mu mutanen Jos ba mu da bakin kuka, kabeji da karas da latas da koren wake da ake lodawa a Farin Gada a kai wa 'yan Abuja su saya da tsada, mu a ƙofar gida suke muna raina su wai abincin awaki. Na koma gwaten acha da yakuwa da gauta, wanda da nake ganin na marasa hali ne, wake da ƙwai da kifi da awara saboda tsokar nan, kwaɗon zogale, kwaɗon rama ma, sunan dai ya dace. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta fi tuwon yawa. Wanda ya fi ba ni wuya shayi ne, sanyin Jos a watan 12 da watan 1 ga mai shayi ya haɗa maka mai kauri, madara rabin gwangwani suga cokali 4 ga burodi da ƙwai, sau biyu a rana, wannan kaɗai ya isa ya gina tumbi. Sai lemon kwalba, babbar roba ɗaya ta santilita 50 tana iya ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da aka ce babba ya sha a yini gaba ɗaya. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita a 2022, naira 10 fa, wa zai ji. Azumin Litinin da Alhamis na riƙe don lada, amma na gane in za ka buɗe baki da ƙosai 10 da kunun gyaɗa da soyayyen dankali to ladar dai ka samu, kuma mai shan maganin suga kar ya fara sai ya tambayi likitansa.

Wata 14 ya ɗauke ni, kilo 10, daga 98 zuwa 88, awon jini ya sauko har likita ya rage min ƙwaya ɗaya. Ban zama saurayin Dutsen Shere ba, wuyan ma ya ɗan yi taushi yana lilo, wani hoton in aka ɗauka ta gefe har yanzu sai in ce a goge. Abokin nan nawa mai maganar kabari yanzu shi ma yana fitowa da asuba, wai likita ne ya sa shi, amma matarsa ta faɗa wa uwargida cewa fasfo ya je sabuntawa ya ga fuskarsa a kwamfuta.

Kafin babbar Sallar da ta wuce na kwashi kaftanin bikin nan da wasu guda uku na koma wajen yaron nan a rage min. Ya zagaya tef, wannan karon bai rungume ni ba, ya ɗaga murya, tumbi 41, ni kuma na ɗan waiga ko samarin sun ji, ba wanda ya ɗago daga wayarsa. Da na je karɓa na juya rigar na ga bai yanke yadin ba, ninke shi ya yi ta ciki ya bi da ɗinki, wajen inci 2 kowane gefe. Nace kai wannan fa, yace Baba ai haka muke wa duk wanda ya kawo ragi, saboda in an dawo.